Hannun Umma a Kan Birkina

Ƙofar gidanmu ta ƙarfe ce, koriya, kuma har yau akwai lotsawa a ɓarinta na dama, daidai tsayin tayar babur. Ni na yi ta. Ko in ce tiyon birkina ne ya yi ta, ni dai ina kai ne kawai. Wannan bambancin na yi ta ƙoƙarin fahimtar da mutanen gidanmu, ba wanda ya saurare ni.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Na taso daga aiki, na gangaro layinmu, na kama birkin gaba kamar kullum, sai hannun birkin ya tafi luɓus kamar na matsa jiƙaƙƙen soso. Babur ya rage gudu, amma bai ga dalilin tsayawa ba. Na taka na baya, taya ta ja yashi, muka gaisa da ƙofa. Ban ji wani ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Ƙarar ce ta cuce ni, don ta fito da duk wanda ke layin, har da mai kumfar sabulu a kunne.

Babur ɗin na Yaya ne. Da ya sayi mota ya jingine shi a tsakar gidanmu, ni kuma na share masa ƙura na koya, na faɗi, na tashi, har na iya. Da shi nake zuwa aiki. Ina gwajin ruwa a wani kamfani can bayan gari, inda motar haya ba ta zuwa sai direba ya tashi da farin ciki. In babu babur, sai in jira Yaya ya biyo ta gida ya ɗauke ni, yana yi mini nasiha tun daga ƙofarmu har ƙofar ofis, sannan da yamma in tsaya a bakin titi kamar an dasa ni. Na yi wannan zaman a baya. Na san ɗanɗanonsa.

Kafin in gama wanke gwiwar hannuna Umma ta kira Yaya a waya. Kafin in canza kaya ya iso. Suka yanke hukunci a gabana kamar ba na wurin: za a sayar da babur ɗin, ranar Asabar da yamma zai zo da mai saye.

"Tiyon birki ne ya tsufa," na ce. "Na roba ne. In ya kwana biyu sai ya riƙa kumbura, ƙarfin da ya kamata ya isa taya sai ya ƙare a hanya. Ba tuƙina ba ne."

"Umma, kin ji Farfesa," in ji Yaya. Haka yake kirana tun da na gama jami'a. "Ta bugi ƙofa tana tsaye, kuma tana karanta mana lacca."

"In na gyara fa?"

"Ke?"

"Ni. Da hannuna."

Ya yi dariya har da dafa bango. "To, ki gyara. In na zo na matsa birkin nan na ji shi da tauri, kuma Umma ta ce ta yarda, na bar miki."

Ya san abin da yake yi. Umma ba ta taɓa yarda da babur ɗin nan ba, ko a jingine yake harararsa take yi.

Da na kai wa bakanike da an gama kafin shayi ya huce. Amma na riga na ce da hannuna, a gaban shaidu, ni kuma in magana ta fita daga bakina bin ta nake yi ko rami ta faɗa. Na kalli bidiyon gyaran a waya har na haddace inda mai bayanin yake yin tari. Na je shagon kayan gyara na ce a ba ni tiyon birki mai saƙar ƙarfe, irin wanda ba ya kumbura, da man birki, da sababbin zobban jan ƙarfe da ake sa wa a bakin noti.

"Maigida ne ya aiko ki?" in ji mai shagon.

"Ni ce maigidan babur ɗin."

Ya miƙo mini kayan yana kallona kamar zai ce wani abu, sai ya fasa. Na ji daɗin wannan fasawar har gida.

Asabar da safe na shimfiɗa tsohon buhu a tsakar gida, na jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba kamar za a zo duba ni. Na tsiyaye tsohon man, baƙi ƙirin kamar shayin da aka manta a wuta. Na kwance tsohon tiyo, na ɗaura sabon, yana ƙyalli, na bi da shi inda ba zai goga taya ba, na ɗaure notuna. Komai ya tafi daidai. Na tsaya na riƙe ƙugu ina jiran wani ya shigo ya gani, ba wanda ya shigo. Na cika ɗan kofin da ke kan babur da sabon mai, na matsa hannun birki.

Babu komai. Ya fi na ranar ƙofa laushi.

Na san dalili, ban firgita ba. Sabon tiyo cike yake da iska, dole a kore ta. Yadda ake yi kuwa, mutum ɗaya zai tsaya sama ya daddanna hannun birki ya riƙe gam. Ɗayan yana ƙasa wajen tayar gaba, ya buɗe wani ɗan noti mai huji, mai ya fito da kumfa ta cikin siririn tiyo zuwa kwalba, ya yi maza ya rufe, sannan na sama ya saki. In na sama ya saki kafin a rufe, iskar da aka kora sai ta koma ciki har da 'yan rakiya.

Mutum biyu ke nan. A bidiyon mutumin shi kaɗai ya yi, amma shi hannunsa kamar igiyar guga yake. Ni kuwa a layin makaranta kullum ni ce a gaba, ba don ƙoƙari ba. Hannun birki yana sama a dama, notin yana ƙasa a hagu. Na miƙe iya miƙewata, yatsuna suka tsaya a iska. Na gwada riƙewa da haɓa. Na gwada da ƙafa, na kusa jawo babur ɗin kaina. Na ɗaure da gyale, gyalen ya zame daidai lokacin da na buɗe notin, na ji tiyo ya zuƙi iska kamar mai shan lemo da tsinke.

Ƙanwata ta tafi gidan ƙawarta. Yaya, ko da zan mutu ba zan kira shi ba. Saura mutum ɗaya a gidan, tana zaune a inuwa tana ninke wanki, tana kallona ta wutsiyar ido tun da na fara.

Na wanke hannu, na je na tsuguna.

"Umma, don Allah ki ɗan riƙe mini wani abu."

"Me?"

"Birki."

Ta ajiye zanin da ke hannunta. "Ni? Abin da ya kusa kashe ki, ni zan taya ki tashe shi?"

"Riƙewa kawai za ki yi."

Ta dube ni, ta dubi babur, ta dubi man da ya ɓata mini gaban riga. "Zan riƙe," ta ce, "don kar gobe ki ce ni na hana ki. Ki gama wasanki, a zo a ɗauke shi mu huta."

Na nuna mata yadda ake yi. Na koma ƙasa, na durƙusa gaban taya, wato daidai ƙafafunta, na sa sifana.

"Danna," na ce.

"Wa kike ce wa danna?"

"Umma, ki danna don Allah. Yauwa. Ki ƙara. To, ki riƙe."

Ta riƙe. Na buɗe, kumfa ya fara tafiya cikin tiyon, zuciyata ta yi fari.

"Da kin bi a hankali ranar nan," in ji Umma daga sama, "da duk ba a zo nan ba. Gudu kike yi kamar wadda ta sato shi."

"Ba gudu nake ba, Umma, tiyon ne ya…"

"Ka ji ta!" Ta tafa hannu biyu. Hannun birki ya koma mazauninsa, tas. Na ga kumfan da na kora ya yi kwana ya koma gida.

"Umma, kin saki!"

"To ba ke kika sa ni magana ba?"

Muka sake. Ta danna, ta riƙe, na buɗe.

"'Yar ƙanwata ma ta yi karatun nan, ga ta nan tana shiga mota kamar kowa. Kuma ta fi ki maki."

"Wallahi ba ta fi ni ba, sai da ta maimaita…"

"Ni kike rantse wa?" Ta kama haɓa da hannun dama. Tas.

Muka sake. A wannan karon maganar ɗinkin da na ƙi sawa ce. Na ba da amsa, ta nuna ni da yatsa. Tas. Rana ta hau, kwalba ta fara cika, man da na sayo ya yi ƙasa sosai, birki kuwa yana nan kamar burodi. Gwiwoyina suka fara zafi a kan siminti.

Ina ƙara mai a ɗan kofin ne na tsaya na yi abin da aka koya mini a makaranta, wato in duba me ke faruwa kafin abu ya lalace. Umma tana iya faɗa da hannu ɗaya a kan birki, na gani da idona. Za ta yi ta yi, hannun bai motsa ba. Ba ta saki sai an mayar mata da magana. A nan ne take buƙatar hannu biyu, na tafawa, na kama haɓa, na nuna wa sama shaida. Ashe ba iska ce matsalar birkina ba. Bakina ne ke zuƙo ta.

Wannan sakamakon bai yi mini daɗi ba. Na sake dubawa ko akwai kuskure a lissafin, babu. Man da ya rage ba zai ɗauki wani dogon musu ba, in kuma na fita sayo wani, kafin in dawo Yaya ya iso. Na koma na durƙusa, na ce a raina: yau ko cewa ta yi ni na haddasa yaƙin duniya, na amsa.

"Umma, ki danna. Ki riƙe."

"Tun kina ƙarama haka kike. A ce miki wuta, sai kin taɓa."

Na buɗe. Na rufe. "Ki saki. Ki danna."

Ta jira amsa. Da ba ta zo ba, sai ta ƙaro wuta.

"Yaron nan mai hankali da ya zo gaishe ni, me ya yi miki? Daga ya ce wata magana sai kika ɗauko waya kika nuna masa ba haka ba ne. Ya ƙara dawowa?"

Mutumin cewa ya yi ruwan sanyi yana daskarar da kitse a ciki. Na cije leɓe. Na buɗe. Na rufe.

Zagi ba ya damuna, na saba. Abin da ba na iya haɗiyewa shi ne magana ba daidai ba. Umma kuwa ta haife ni, ta san inda ƙaiƙayin yake. Ta ce a firamare ni ce ta biyu. Ni ce ta ɗaya, takardar tana cikin akwatinta. Ta ce aikina ba komai ba ne illa ɗanɗana ruwa. Ta ce wannan man da nake ta zubarwa ai man inji ne, an cuce ni a shago. Kowace magana sai na ji amsarta ta taso daga cikina, da hujja, da misali, ta zo maƙogwaro, in danne ta da yawu. Gumi ya gangaro mini cikin ido, hannuna duk mai, ba halin sharewa. Idanuna suka yi ja suna zubar da ruwa.

A haka maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, ta turo ƙofa ta shigo aron dutsen guga. Ga abin da ta gani: ni a durƙushe gaban Umma, kai a ƙasa, hawaye shaɓe-shaɓe, Umma a tsaye tana zazzaga faɗa.

"Ayya, ayya," ta ce, ta dafa ƙirji. "Hajiya, ki yi haƙuri ki yafe mata. Ga shi ta gane kuskurenta. Yarinyar da ko gaisuwa a tsaye take yi, dubi yadda ta zube."

Na ɗago zan ce ba haƙuri nake bayarwa ba, iska nake fitarwa. Notin a buɗe yake. Na ga yatsun Umma a kan birki, sun fara sassautawa, suna shirin tashi. Na mayar da kaina ƙasa.

"Ki ce kin tuba mana, 'yata," in ji Maman 'Yan Biyu. "Ki ce gudu ne ya ja miki, ba za ki ƙara ba."

"Ai ta sani," in ji Umma. "Gudu ne. Ko ba gudu ba ne?"

Na rufe notin. Da zan iya magana a lokacin, don a rufe yake, ko ta saki ba abin da zai shiga. Amma akwai sauran zagaye a gaba, kuma na san in na buɗe wannan bakin, har Yaya ya zo ba mu gama shari'ar ba. Na dubi siririn tiyon. Kumfan ya ragu, saura ƙanana kamar ƙwayar gero.

"Ki saki, Umma," na ce. "Ki danna."

"Kin gani, ta amsa," in ji Maman 'Yan Biyu. Ta ɗauki dutsen guga ta fita da sauri, da ganin tafiyarta ka san ba guga za ta fara yi ba. Kafin la'asar duk layin zai ji cewa Farfesa ta durƙusa ta yi kuka ta amsa laifinta. Ban amsa ba. Ina so a rubuta wannan a wani wuri: tiyo ne.

Umma ta ci gaba, amma faɗan ya fara rasa gishiri. Faɗa ba abokin yi, ko ita sai ta gaji. Tana cikin labarin wata tukunya da na ƙona tun ina sakandare sai ta tsaya a tsakiyar magana.

"Ke. Abin nan ya fara ƙin dannuwa."

"Haka ake so."

"Da har ƙarshe yake kaiwa. Yanzu a rabi yake tsayawa." Ta sake dannawa, ta leƙo ƙasa. "Wancan kumfan ne ke hana shi?"

"Shi ne."

"To me kike jira? Buɗe. Ga wani can ya maƙale a lanƙwasa, ba ki gani ba? Ɗan buga tiyon. Da wannan idon kike gwada ruwan mutane?"

Na ɗan ƙwanƙwasa tiyon da sifana. Kumfan ya saki, ya wuce.

"Rufe. Na ce rufe, kar ki ɓata mini aiki."

Daga nan ita ta karɓi ragamar. Ta gyara tsayuwa, ta naɗe hannun riga, ita ke cewa buɗe, ita ke cewa rufe, ita ke tuna mini in duba kofi kar mai ya ƙare. Man ya riƙa fitowa garau, ba ko ɗigon kumfa. Na ɗaure notin, na goge ko'ina, na rufe kofin. Da na zo miƙewa sai gwiwoyina suka ƙi, sai da na dafa taya. Na matsa birkin. Ya tsaya cak a ƙarƙashin yatsuna, kamar na matsa dutse. Na tura babur gaba na kama, ya dunƙule wuri ɗaya. Na fita da shi layi na dawo a hankali, na tsaya nesa da ƙofa, don na san ana leƙe ta tagogi.

Ban gama wanke hannu ba muka ji motar Yaya. Ya shigo da mai sayen, wani dogo mai hular kwano a hannu, har ya fara zagaya babur ɗin yana duba tayoyi.

"Farfesa, an gama laccar?" in ji Yaya. Ya kai hannu ya matsa birkin, murmushinsa ya ɗan rage. Ya sake matsawa. Ya tsuguna ya dubi sabon tiyon, ya shafa wajen notin ko zai ji danshi. Bai ji ba.

"Wa ya yi miki?"

"Ni na…"

"Mu muka yi," in ji Umma. Tana zaune ta koma kan wankinta, tana murza yatsun hannun dama. "Tun safe nake tsaye a kansa. Ita tana ƙasa tana ta buɗe abu ba a kan lokaci ba, sai da na karɓa. Kumfa ne ya cika shi. Kai da ka yi shekaru kana hawansa, ka taɓa fitar masa da kumfa?"

Yaya ya dube ni. Na dubi bango.

"To, Umma, ga mutumin ya zo. Ke kika ce a sayar."

"Na ce. A lokacin ba shi da birki." Ta juya wajen mai sayen. "Ɗana, ka yi haƙuri, an wahalar da kai. Ka ga hannuna har ya kumbura. Ba zan gyara abu da wahalata wani ya hau ba."

Mutumin ya yi dariya, ya matsa birkin shi ma, ya gyaɗa kai. "Gaskiya Mama kin iya aiki. Wa ya ba ki shawarar sa mai saƙar ƙarfe?"

"Ai na roba kumbura yake yi in ya tsufa," in ji Umma, ko kallona ba ta yi ba. "Shi ya sa yarinyar ta bugi ƙofa. Ga kuma gudu."

Amsa ta taso mini, cikakkiya, da farkonta da ƙarshenta. Mabuɗin babur yana hannun Yaya, tun shigowarsa ya zare shi, yana juya shi a yatsa, bai riga ya yanke wa zai miƙa wa ba. Na haɗe hannuwana a baya, na sunkuyar da kai kamar 'yar kirki.

"Haka ne, Umma," na ce.

Yaya ya zuba mini ido, da alama yana tunanin ko na bugu a kai ranar nan ba a lura ba. Sannan ya cillo mini mabuɗin.